Sarar Daji Da Tafiyar Ruwa: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Gumel

An shirya wannan darasi ne domin iyayen ƙasa, watau hakiman da ke ƙasashen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da kuma malamansu masu riƙe da littattafan gunduma. Ana fatan kowane malami zai karanta shi a gaban hakimi, sa'an nan a bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke ciki ranar da suka zo gaisuwa.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa mutumin Gumel da zancen kogi, ga shi kuwa babu kogi ko ɗaya a ƙasarsa mai gudu rani da damina? Amsa ita ce, ƙa'idar da ke tafiyar da babban kogi ita ce ke tafiyar da tafkin bayan gari da rijiyar unguwa. Ƙa'idar kuwa ga ta a taƙaice: itace yana tsare ruwan damina ya shigar da shi ƙasa, ƙasa kuma ta riƙa sakinsa sannu sannu har cikin rani. In aka sare itace, sai ruwa ya zo gaba ɗaya, ya tafi gaba ɗaya.

1. INDA RUWAN SAMA KE ZUWA

A ƙasar Gumel damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa galibi tsakanin milimita 500 ne da 600. Da shi mutum da dabba da shuka za su rayu wata goma sha biyu.

Duk ruwan da ya sauko, ɗayan hanya uku ya ke bi. Wani rana da iska su kwashe shi ya koma sama. Wani ya gudu a bisa ƙasa ya nufi kwari. Wani kuma ya nutse. Wanda ya nutse shi ne dukiya, gama daga gare shi shuka ke sha, abin da ya rage kuma ya gangara can ƙasa ya zama ruwan rijiya da na idon ruwa. Inda a ke da kogi, wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa shi ne ke tsattsafowa ya riƙe kogin bayan an ɗauke ruwa.

Bari mu yi lissafi, domin a ga girman abin. Milimita ɗaya ta ruwa a bisa hekta ɗaya, watau kimanin eka biyu da rabi, lita 10,000 ce. In aka yi ruwa mai milimita 30 a dare ɗaya, hektar nan ta sami lita 300,000, watau duro 1,500 mai cin lita 200. A misali, in kashi ɗaya cikin goma ya gudu, gonar ta yi hasarar duro 150. In kuwa ƙasar ta taurare har kashi huɗu cikin goma ya gudu, hasarar ta kai duro 600. Ruwan da ya gudu kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, da taki da ƙasa mai kyau ya ke tafiya, ya je ya juye su a tafki ko a kan hanya ko a gindin katangar wani.

2. AIKIN DA ITACE KE YI

Na farko, rassa da ganye suna tare ɗigon ruwa, su karya ƙarfinsa kafin ya taɓa ƙasa. Ɗigon da ya faɗo a fili tsirara yana farfasa ƙasa, ƙurar da ya tayar ta toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke shiga.

Na biyu, ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta a inuwa su kan rufe ƙasa, su rage wa ruwa gudu, su ba shi lokacin nutsewa.

Na uku, saiwa tana huda ƙasa, in ta mutu ta bar rami. Gara da sauran ƙwarin ƙasa masu cin ganye su ma suna haƙa hanyoyi marasa iyaka. Ta waɗannan ramuka ruwa ke saurin kaiwa ƙasa.

Na huɗu, saiwa tana ɗaure bakin rafi da bakin tafki, ta hana su zubewa.

Sabo da haka, ƙasar da ke ƙarƙashin itace kamar rumbu ta ke. Ana zuba mata da damina, ana ɗiba da rani. In aka sare itace, aka kwashe kara, dabbobi suka tattake wurin, sai fuskar ƙasa ta yi ɓawo, a kwana a tashi ta zama faƙo. Ko rairayi ma ya kan yi irin wannan ɓawo. Daga nan ruwa ya fara yanka ƙananan hanyoyi, ƙananan hanyoyi su zama kwazazzabo.

Ga wani gwaji da kowane malami zai iya yi a gaban jama'a. A sami gwangwani biyu masu girma ɗaya, a cire musu gindi. A kafa ɗaya a ƙarƙashin tsohon gawo, ɗaya kuma a faƙo. A zuba wa kowanne ruwa daidai wa daida, a duba agogo, a ga wanda zai riga shanyewa. Gani ya kori ji.

3. KURAKURAI BIYU DA YA KAMATA A GUJE WA

Kuskure na farko shi ne a ce sarar daji tana rage jimlar ruwan kogi. Ba haka ba ne. Itace mai shan ruwa ne, yana zuƙa ta saiwa ya fitar ta ganye. A shekarar 1982 waɗansu masana biyu, Bosch da Hewlett, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 94 daga ƙasashe dabam dabam, suka ga in an sare daji ruwan da ke wucewa a rafi cikin shekara ƙaruwa ya ke yi. Haka aka gani a kogin Tocantins na ƙasar Birazil. Da aka gwada shekarun 1949 zuwa 1968 da shekarun 1979 zuwa 1998, bayan an mai da dazuzzuka masu yawa gonaki da makiyaya, sai aka ga ruwan kogin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, alhali ruwan sama bai sāke sosai ba. Amma mafi yawan ƙarin da damina ya zo, lokacin da ba a bukatarsa. Abin da sarar daji ke ɓatawa shi ne lokacin zuwan ruwa da tsabtarsa. Inda ƙasa ta taurare bayan sara, a can ne rafi ke cika ya yi ɓarna da damina, sa'an nan ya ƙafe da wuri.

Kuskure na biyu shi ne a ce daji yana hana kowace irin ambaliya. In aka yi ta ruwa kwana da kwanaki har ƙasa ta ƙoshi, rumbu ya cika ke nan, abin da ya biyo baya dole ya malala, ko da itace ko babu. Amfanin daji ya fi bayyana ga ruwan yau da kullum, da ƙananan rafuka, da hana zaizayar ƙasa.

To, itace nawa ya kamata a bari? An yi bincike a Saponé ta ƙasar Burkina Faso, a gonaki masu kaɗanya, aka bayyana sakamakonsa a 2016. Aka ga ruwa ya fi kaiwa can ƙasa inda itatuwa su ke a warwatse, ba su yi cunkoso ba, ba su kuma ƙare ba. In babu itace ruwa ba ya nutsewa sosai, in kuwa ya yi yawa ainun shi ne ke shanyewa. Watau irin gonar da kakanninmu suka bari, gawo nan, tsamiya can, kuka a gefe, ita ce ta fi dacewa da ƙasa irin tamu.

4. KOGIN HAƊEJA

Babban kogin da ya fi kusa da mu shi ne na Haɗeja, wanda ke kudu da ƙasar Gumel. Ruwansa ba a nan a ke yinsa ba. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudancin jihar Kano, inda ruwan shekara ya kan wuce milimita 1,000, ya ratsa dajin Falgore, ya haɗu da kogin Calawa kafin Wudil. Daga wajen Wudil kogin ya bar ƙasar dutse ya shiga ƙasar rairayi, ya bi ta Ringim zuwa Haɗeja, yana tafiya yana ba ƙasa ruwa. A fadamun Haɗeja da Nguru ya tarar da kogin Jama'are mai tasowa daga tudun Jos, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

An keɓe dajin Falgore tun zamanin En'e, a shekarun 1940, da sunan gandun dajin Kogin Kano. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sai dajin ya zama mai gadin madatsar, domin shi ke tace laka da yashi kafin su shiga. A 1992 kuma aka gama madatsar Calawa. Yanzu madatsun nan biyu su ke tsare ruwan damina, su riƙa sakinsa da rani, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Amma madatsa ba ta iya kare kanta daga laka. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga inda aka sare daji, a cikinta ta ke kwanciya, ta cinye wurin da ruwa zai zauna.

A can gangare kuma wata wahala ta ɓullo. Tun da kogin ya koma gudu rani da damina, ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta haɗu da laka ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ruwa ya riƙa kwanciya a gonakin waɗansu, waɗansu kuwa ya daina kai musu. Kowa ya ji irin ɓarnar da ambaliya ta yi a Ringim da Auyo da Haɗeja da maƙwabtansu a 2020 da 2022. Dalilanta da yawa: ruwan sama mai yawa, da toshewar hanyoyin ruwa, da gine-gine a kwari. Sarar daji ɗaya ce daga cikinsu.

Ina ruwan Gumel da wannan? Shinkafa da kifi da kayan lambun da ke zuwa kasuwanninmu, da yawa daga kwarin nan su ke fitowa. Dabbobin da a ke kaiwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, waɗansunsu a fadamun nan suka ci rani. Gawayin da a ke dafa abinci da shi a garuruwanmu kuwa, da yawa daga dazuzzukan kudu a ke kawo shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

5. DARASI DAGA YAMAI

Akwai ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa kamar tamu wadda aka daɗe ana auna ruwanta, ita ce yammacin Jamhuriyar Nijar. A Yamai kogin Kwara sau biyu ya ke cika a shekara. Akwai cikar da ke zuwa cikin sanyi, da ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gini. Akwai kuma cikar Agusta da Satumba, wadda su ke kira jan ruwa sabo da jar ƙasar da ke cikinsa, rafuka irin su Sirba da Dargol ke kawo shi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, da sassabe dazuzzuka domin noma, sai masana suka ga abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da rafukan nan ke kawowa ya ƙaru, domin ƙasa ta daina shanyewa. A 2012 da 2020 jan ruwa ya ci unguwanni da gonakin shinkafa a Yamai.

Gabas da Yamai kuwa, inda babu kogi sai tafkuna, ruwan da ya gudu daga gonaki a tafki ya ke taruwa ya nutse. Sabo da haka ruwan rijiyoyin wurin ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Kada kowa ya ɗauki wannan riba ce. Ruwan da ya hau a rijiya, gero aka hana wa shi a gona, ya kuma bar kwazazzabai a bayansa. Abin lura ga malamai shi ne, cikar tafki da wuri ba kullum ne alamar albarka ba. In tafki ya cika da ruwan farko, ruwan kuma ja wur, to, gonakin da ke sama da shi suna zubar da ƙasarsu ke nan.

6. ƘASAR GUMEL

Damuwa da dazuzzukan kan iyaka ba yau ta fara ba. A 1936 da 1937 wani kwamiti na Turawan daji na Ingila da na Faransa ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar, domin a lokacin ana cewa hamada na kwararowa kudu. Kwamitin bai tarar da hamada tana tafiya gaba ɗaya ba. Ɓarnar da ya gani ta hannun mutum ce, ta sara da sassabe. Daga baya farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa da dabbobi masu yawa, jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa, saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin dasa jerin itatuwa masu tare iska, galibi darbejiya da turare, tun ƙasar nan tana cikin jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Dashe yana da amfani, amma yana bukatar ban ruwa da shinge da mai gadi. Turare kuma mai yawan shan ruwa ne, bai kamata a cika shi a bakin tafki ko kusa da rijiya ba.

Akwai hanya mai sauƙi wadda maƙwabtanmu na tsallaken iyaka suka bi. Tun daga 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka fara abin da su ke kira sassabin zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ƙasa, tohon ya kan yi saurin girma ba tare da ban ruwa ba. A ƙasar Damagaram, musamman Magarya da Matamaye da Mirriya, gawo ya sāke cika gonaki. An ƙiyasta cewa a Nijar wannan hanya ta mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a bisa hekta miliyan 5. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, ruwansu bai fi namu ba. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina ya ke zubar da ganye, sabo da haka ba ya hana gero rana, da rani kuma ya ba dabba 'ya'ya da inuwa.

7. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 hukuncin laifin daji yana hannun gwamnati da kotu. Amma maganar uban ƙasa ta kan kai inda malamin daji ba ya kaiwa. Sabo da haka ana roƙon hakimai, ransu ya daɗe, su taimaka da waɗannan:

(a) Kafin sharar gona, a tara dagatai a gargaɗe su a kan barin tohon gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya da dakwara.

(b) A tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina a gonarsa shi zai amfana da shi. Ba mai rainon abin da ya san za a hana shi taɓawa. Inda aka sami saɓani a kan wannan, hakimi ya zauna da malamin daji a daidaita.

(c) A hana sara da noma a bakin tafki da bakin kwazazzabo. A bar musu ɗamarar ciyawa da itace.

(d) A tsare burtali da makiyaya da gandun daji kada gona ta ci su. In makiyayi ya rasa ciyawa, kan gawo zai hau da gatari.

(e) A nuna wa masu sassaka da masu neman ganyen dabba bambancin datse reshe da kashe uwa.

(f) Kada a ba kowa filin gini a hanyar ruwa, ko da an yi shekaru ruwa bai bi ta ba.

8. ABIN DA A KE SO MALAMAI SU RUBUTA

Kowane malami ya keɓe littafi guda domin ruwa da itace. A ciki ya rubuta sunan kowane babban tafki, da ranar da ya cika, da kalar ruwansa, da ranar da ya ƙafe. Ya zaɓi rijiya ɗaya ko biyu a kowace dagaciya, ya auna nisan ruwanta da igiya sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da ƙarshen bazara, kullum da asuba kafin a fara ja. Ya rubuta inda sabon kwazazzabo ya ɓullo da tsawonsa a taki. Ya rubuta sunayen manoman da suka bar toho, domin hakimi ya yaba musu a bainar jama'a. Rubutun shekara ɗaya ba ya nuna kome, amma na shekara goma shaida ne da hakimi zai iya kaiwa gaban Sarki da gaban gwamnati.

TAMBAYOYI

1. Faɗi hanyoyi uku da ruwan sama ke bi bayan ya sauko. Wacce ce ke ciyar da rijiya?

2. In aka yi ruwa mai milimita 20 a gona mai hekta 3, duro nawa ke nan mai cin lita 200?

3. Me ya sa ruwan kogi ya kan ƙaru da damina bayan an sare daji?

4. Wane aiki dajin Falgore ke yi wa madatsar Tiga?

5. Tafkin garinku ya cika da jan ruwa tun ruwan farko. Me wannan ke nunawa, kuma wace shawara za ka ba hakimi?